Kwanukan Da Suka Jira Ni A Zakka

Edita, ina gaishe ka tare da masu karatu. A lokacin da wannan abu ya faru ni ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna, uwar 'ya'ya, kuma a gidanmu ni ce uwar tsari. Ko biki za a je sai na san inda za a zauna da abin da za a ci. Maigidana yakan zolaye ni cewa da za a bar ni, ko mura sai na sa mata ranar zuwa. Ban taɓa jin haushi ba, don gaskiya ya faɗa, kuma ina alfahari da hakan.

Mahaifina mutumin Zakka ne ta ƙasar Safana, amma aikin gwamnati ya kai shi Kaduna tun yana saurayi, can aka haife mu, bai kuma taɓa kai mu garinsu ba. Mun dai san yana da yaya mace a Zakka, wadda muke kira Gwaggo ba tare da mun taɓa ganinta ba, da ƙani a Karare ta ƙasar Batsari, Baffa, wanda yakan leƙo mu jefi-jefi. Ko sunan Gwaggo aka ambata sai mahaifina ya sauya magana. Sai da ciwon ajali ya kwantar da shi ya riƙe hannuna a asibiti, ya ce in je Zakka da ƙafata in roƙar masa gafarar yayarsa, kada in aika, kada in yi ta waya. Na tambaye shi abin da ya yi mata, ya ce can zan ji. Gwaggo ba ta zo ta'aziyya ba. Baffa ya ce ciwon ƙafa ne ya hana ta, amma yana faɗa yana kallon ƙasa.

Da kaka ta yi na fara shirin tafiya. Na zauna da waya ina binciken masauki. Manyan otal sun fi ƙarfinmu, ƙananan kuma ina tsoron kuɗin cizo da banɗakin da ba ruwa. Daga ƙarshe na samo wani masaukin baƙi mai rahusa da ke da reshe a Katsina da wani a Dutsin-ma, ɗakunansu iri ɗaya kamar bulon da aka buga a inji guda: gado, fanka, bokiti da farin zanen gado. Na kama mana ɗaki a duka biyun. Lissafina mu riƙa sammako mu shiga ƙauye, mu fito kafin la'asar, saboda halin tsaron da yankin ya sha fama da shi, kuma ba na son ɗora wa kowa nauyi. Maigidana ya fara cewa anya dangi ba za su ji wani iri ba, na katse shi da cewa hutar da su hidima na yi, ai gode mini za su yi.

A Karare Baffa ya tarbe mu hannu bibbiyu, aka yanka kaji, aka yi ta gaisuwa har muryata ta dushe. Da na ce za mu koma Katsina mu kwana, sai ya ce Allah ya tsare hanya, ya sa aka cika mana bayan mota da gyaɗa da gero. Muna fita na ga 'yan mata sun nufo gidan da kwanuka a ka, suka ja suka tsaya suna kallon motarmu. Har hannu na ɗaga musu, ina ganin kaina mai kirki.

Labari ya riga mu isa Zakka. Na sami Gwaggo zaune a kan tabarma, ƙafafunta a kumbure, fuskarta sak ta mahaifina. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, sannan ta tambayi inda kayanmu suke. Na ce suna masauki a Dutsin-ma. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce lallai 'yar ubana ce ni, ta juya fuskarta ga bango. Na yi ta magana, ko tari ba ta ƙara yi ba. Raina ya ɓaci matuƙa. Na taso tun daga Kaduna da saƙon mamaci, a ce tsohuwa ta mayar da ni kamar kujera!

Matar ɗanta ce ta ja ni gefe, ta buɗe mini wani ɗaki. An yi masa sabon yaɓe, an share, an kafa gado da gidan sauro, ƙamshin turaren wuta na tashi. Ta ce ɗakin kakata ne, tun da aka ji za mu zo Gwaggo ta hana kowa sakat har aka gyara shi. Ta ce a garin, in baƙo ya sauka a gida, kowane gidan dangi da maƙwabta sai ya aiko da kwanon abinci da yamma, da haka ake shaida cewa baƙon na kowa ne. In kuwa kwanuka suka zo suka tarar baƙo ya tafi kwana wani wuri, mai gidan ne ke kwana da kunya. Sannan ta gaya mini abin da mahaifina ya kasa faɗa. Da mahaifiyarsu ta rasu ya zo da motar ofis, yana zaman makoki da rana, da yamma ya tafi gidan saukar baƙi na gwamnati, wai ba ya iya barci babu fanka. Kwanukan gari suka yi ta komawa a rufe. Gwaggo ta ce kada ya sake tako gidan sai ran da zai iya kwana a ciki, shi kuma girman kai ya hana shi, har ƙasa ta rufe idonsa.

Sai na tuna 'yan matan Karare. Amma ni ba mai zama ta yi ta kuka ba ce. Nan take na ce wa maigidana ya je Dutsin-ma ya kwaso kayanmu tun da sauran rana. Ya tafi yana murmushin da na san ma'anarsa, na ce ya riƙe abinsa sai mun koma gida. Da ya dawo aka sauke shi a ɗakin zaure wajen maza, ni kuma na baje a ɗakin kakata. Da yamma kwanuka suka fara shigowa: tuwon dawa da miyar kuka, dambu, ɗanwake, ga fura da nono daga gidan wasu Fulani maƙwabta. Babu wanda ban buɗe na ci ba, har sai da na sassauta zani. Da safe na wanke su, na sa sabulu da gishiri a kowanne kamar yadda aka koya mini, na bi gida gida na mayar da kaina. Tsofaffi suka yi ta riƙe ni suna cewa tafiyata ta kakata ce.

Gwaggo dai ba ta sauko da wuri ba, ni ma ban gaji ba. Kullum sai na dafa ruwa na gasa mata ƙafafu, tana kau da kai, ina aikina. Wata safiya ina cikin gashin ta tambaye ni, ba tare da ta dube ni ba, ko rashin fanka bai kashe ni ba. Na ce ga ni da raina, kuma ta sani ba inda za ni sai na sauke saƙon da aka ɗora mini, ko da zan kai damina a gidan. Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka. Na faɗa mata kalaman ƙaninta kamar yadda ya faɗe su. Ta dafa kaina ta ce ta yafe masa duniya da lahira, ta ce tun ran da ta ji rasuwarsa zuciyarta ta yafe, bakinta ne ya ƙi furtawa sai jininsa ya kwana a ɗakin uwarsu. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan safiya ba. A hanyar komawa muka sake biyawa Karare muka kwana gidan Baffa, na ci kwanukan da na guje wa.

Ban ce masaukin haya laifi ba ne. Har yau in aiki ya kai ni garin da ba ni da kowa, irinsa nake nema. Amma ina jan kunnen 'yan'uwana da muka tashi a birni: kafin ku kama ɗaki a waya, ku tambaya ko akwai wanda ya riga ya share muku nasa. Abin da na ɗauka sauƙaƙawa ne ya kusa sa in koma da saƙon mahaifina a hannu. Gwaggo ta rasu bara. Da na je ta'aziyya da jakata a hannu, ba wanda ya tambaye ni inda zan sauka, domin kafin ta cika ta bar wasiyya cewa ɗakin nan nawa ne.