Ƙahon da Muka Kafa wa Lado

Duk yaron da aka haifa a layinmu na Ƙofar Sauri tun shekarar da soja suka koma bariki, askar Lado ce ta fara taɓa kansa. A shekarar ne mahaifin Lado ya rasu, ya bar masa zabira da ƙahoni da gidajen da kakanninsu suke yi wa aski. Ni taubashinsa ne, don haka ina da izinin faɗin abin da wasu ke rufewa: Lado gwani ne, amma ko jaki ya san ya fi shi taurin kai.

Gwanintarsa a askin suna take. Yakan aske jaririn kwana bakwai tas, ya bi ta kan maɗiga, yaro bai farka ba.

Bayan shekara goma sha biyar yana wannan aiki, gwiwar hannunsa ta dama ta fara ciwo. Da farko sai ya wuni yana aski take damunsa, daga baya ko buta ya ɗaga sai ya cije baki. Ya shafa man zafi, ya sha jiƙe-jiƙe, a banza. Ran nan yana yi wa liman gyaran fuska aska ta suɓuce ta faɗi a tabarma.

A lokacin ne Jummai, 'yarsa ta fari, take da ciki wata bakwai, bayan shekara tara da aure ba haihuwa. Lado ya ce ko da haƙori zai riƙe aska, shi zai aske wannan jika.

Matarsa Tani ce ta ja shi wani ƙaramin asibiti wajen GRA, ni kuma na raka su don in sami abin tsokana. Likitan ya ɗora masa irin na'urar da ake duba masu ciki, ya nuna mana jijiyar ta tsattsinke kamar tsohuwar igiyar guga. Ya ce ba sai an yanka ba. Za a ɗebi jininsa, a juya shi a inji, a tace, a mayar da shi cikin jijiyar da allura. Wurin zai kumbura ya yi zafi kwana kaɗan, kada a taɓa. Daga nan hutu, sai motsa hannun sannu a hankali, cikin wata biyu zai riƙe aska.

Lado ya dube shi ya ce, "Likita, ni hwa aikina hidda jini ne daga jikin mutane. Yau kai ka ce a maishe shi ciki?"

Amma ya yarda, saboda lissafin watannin Jummai ya yi daidai. An ce wanzami ba ya son jarfa, na gani da idona: allura na matsowa ya runtse ido yana salati. Ko awa ɗaya ba a yi ba aka gama, aka manna masa 'yar ƙaramar filasta kamar farce. Wannan ya dame shi, don a wurinsa maganin da bai bar tabo ba wasa ne.

Kwana uku gwiwar ta kumbura kamar yadda aka faɗa. Bayan azahar ya kira ni zaure, na tarar ya jera ƙaho da aska. Ya ce mataccen jini ne ya kwanta, shi ya san shi tun kafin a haifi likitan. Na tuna masa gargaɗin, ya ce yaushe na zama malamin asibiti. Bakinsa ba ya kaiwa ga ƙahon, nawa yana kaiwa. Shi ya yi tsagar da hannun hagu, ni na zuƙa. Har yau in na tuna sai in ji haushin kaina, don na san ba daidai ba ne, kunyar musa masa kawai na ji.

Tsagar ta ruru, ta yi ruwa. Da muka koma, likitan bai yi faɗa ba. Ya ce jinin da ya zuba yana can ciki inda ƙaho ba ya kaiwa, amma sai gyambon ya warke za a fara motsa hannun. Sati uku suka tafi a haka.

Jummai ta haifi mace. Ana gobe suna Lado ya zaunar da ni ya ce zai gwada hannunsa a kaina. Kafin ya kai ƙeya ya yanke ni sau biyu. Ya goge askar, ya aika Tani ta sa a kira Sammani, wanzamin Ƙofar Ƙaura, wanda shekara da shekaru Lado yake cewa askinsa na kankare fata ne.

Da safe aka raɗa mata suna Hauwa'u. Sammani ya buɗe zabirarsa, Lado ya ce ya rufe, ya miƙa masa askar da ya gada wurin mahaifinsa. Shi Lado ya rungume jaririyar da hannun hagu.

"Malam Sammani, ka bi sannu in ka zo maɗiga," in ji shi. "Shekara tara muna jiran kan nan."

Sammani ya yi aski mai kyau, gaskiya ɗaya ce. Lado ya tsince gashin ya ƙulle a ƙyalle, ya kai wa Jummai da kansa.

Bayan wata guda hannun ya warke sarai, kamar yadda likitan ya ce. Lado yana nan yana aski, yana kuma tura masu ciwon jijiya asibiti, da kashedin kada su bari wani ya kafa musu ƙaho. Hauwa'u ta girma, tana aji huɗu. A duk layinmu ita kaɗai ce bai aske da hannunsa ba. In ta zo wucewa makaranta ta durƙusa ta gaishe mu, sai ya amsa, ya bi ta da kallo har ta sha kwana, ni kuma in sunkuyar da kai.