Sanyin da Aka Ɗora wa Inna

Ana tsakiyar bazara, lokacin da mutanen Gusau ke neman inuwa kamar su yi kuka, ni ina ɗaki da rigar sanyi da safa. Wata biyar ke nan da haihuwata ta fari. Fuskata ta kumbura, fatata ta bushe, in na taje kai sai in ga gashi cike da mataji. Barci kuwa ko a tsaye. Na koma aikina na koyarwa a firamare, sai in rubuta rabin jimla a allo in tsaya ina kallon allin da ke hannuna, na manta inda na dosa. 'Yan aji uku ne ke ƙarasa mini.

Da farko barka aka riƙa yi mini. Kowa ya gan ni sai ya ce jego ya karɓe ni, na yi ɓul-ɓul, Malam ya iya kiwo. Maigidana har wani washe baki yake yi. Ana haka Hajiya, mahaifiyarsa, ta zo daga Karakkai ganin jikarta. Ta same ni a ƙudundune da rana tsaka, ta kama hannuna ta ji shi kamar an ciro daga randa.

"Wagga ba ƙiba ta ba," in ji ta. "Sanyi na yash shige ta. Wa yay yi mata wanka?"

Ta san wanda ya yi mini. Inna ce, uwar da ta haife ni, a gidanmu na Tsafe inda na je wankan gida.

Inna ba ungozoma ba ce, amma tun ina yarinya duk wadda ta haihu a unguwarmu ita ake aika wa. Da asuba za ta ɗaura zani a ƙirji, ta hura wuta ƙarƙashin rabin duro, ta karyo ganyen darbejiya, ta yi wa mai jego wanka safe da yamma har arba'in. Sai dai tana da nata tsarin. Ba ta watsa wa mace ruwan da yake tafasa. Sai ta sirka shi har ta iya tsoma gwiwar hannunta. Kununta kanwa kaɗan take sa masa, don ɗanɗano kawai. Ta ce ta ga matan da aka dafa da rai, ta ga masu kumburi da haki bayan arba'in, ita ba za ta yi wa 'yar mutane haka ba. A gidan su Hajiya kuwa wanka ba ya amsa sunansa sai mai jego ta yi ihu maƙwabta sun ji, kunu kuma sai ya yi ɗaci da kanwa. Ranar sunan 'yata ma Hajiya ta leƙa bayan ɗaki, ta tsoma yatsa a ruwana ta ce wannan ai na jarirai ne. Inna ta yi dariya kawai.

To yanzu ga ni ina rawar ɗari a bazara. Me ake jira? Maganar ta bar Karakkai ta isa Tsafe kafin motar haya. Aka ce matar da ta kasa gasa 'yar cikinta, 'yar wa za ta gasa? Aka yi haihuwa biyu a unguwarmu, babu wanda ya aika wa Inna.

Da na je gida na tarar an kife duron a gefen katanga, kaji sun mai da shi wurin hutawa. Inna ba ta ce mini komai game da shi ba. Sai da na tashi tafiya ta rako ni zaure, ta daɗe tana kallon fuskata, sannan ta ce a hankali, "Ko dai da gaskiyarsu?" Wallahi ciwon da ke jikina bai taɓa yi mini zafi kamar wannan tambayar ba. Matar da ban taɓa ji ta yi shakkar hannunta ba! Na shiga mota ina kuka har muka wuce rabin hanya.

Hajiya ta riga ta yanke magani: in tattara in zo Karakkai a sake wankan daga farko, irin nasu. Maigidana, wanda ba ya son hayaniya ko ta kaji, ya ce in daure in je ko na mako biyu a zauna lafiya.

Ranar da na kai yarinya rigakafi, wata ma'aikaciyar jinya ta ji muryata ta dushe, ta dubi kumburin idona, ta ce kada in bar asibitin sai na ga likita. Aka ɗebi jinina. Da sakamako ya fito, likitar, wata mace mai magana a nitse, ta sa yatsa a gaban wuyanta, daidai inda maƙoƙo ke fitowa. Ta ce akwai wani ɗan nama a wurin da ke fitar da sinadarin da ke hura wutar jiki. Nawa ya yi sanyi, abin da yake fitarwa ba ya isa, shi ya sa komai nawa ke tafiyar hawainiya. Ta ce yakan sami wasu mata bayan haihuwa.

Ban bari ta ƙarasa ba. "Likita, wanka ne?"

"Wane wanka?"

Na kwashe labari na faɗa mata. Ta ce yana kama matan da ba su taɓa jin sunan wankan jego ba, yana kama maza ma. Ko a tukunya aka dafa ni, da sai ya zo. Ta kuma ce kada in kuskura in sake shiga ruwan zafi da kanwa a halin da nake ciki, don ciwon ya taɓa har bugun zuciyata. Maganin wata 'yar ƙwaya ce da za ta cike abin da jikina ya kasa yi, kullum da safe kafin in ci komai. Ba ta hana shayarwa. Wasu matan nasu yakan farfaɗo daga baya a daina, wasu kuma har ƙarshen rai, kuma ba za ta yi mini alƙawarin ko a wane ɓangare nake ba. Ta ce in je in yi shawara, amma a ganinta nawa ya yi ƙasa da yawa, bai kamata a jira ba.

Da so samu ne in ce a ranar na haɗiye. Ina! Na sayi maganin na jefa shi cikin kwallar da ke can ƙasan jere, na rufe. Mu a wurinmu magani abu ne da ake sha a gama a jefar da kwalin. Wanda ba ya ƙarewa na tsofaffi ne, masu hawan jini da suga, ni kuwa ko talatin ban kai ba. Maigidana ya ce ya ji in jiki ya saba da irin wannan ba ya sake iya komai da kansa. A ofishin malamai kowa ya zama likita. Wata ta ce yana ƙafar da nono, wata ta ce daga shi babu sauran haihuwa, wani malami kuma ya kawo mini gora daga wurin masu lasifika na bakin tasha, wai tana korar sanyi da basir da taifod a mako guda. Na karɓa na gode, na zuba wa bishiyar da ke bayan aji.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba. In na ƙi Karakkai na kama ƙwaya, sannan ban warke ba fa? Sai a ce ga shi nan, har asibiti ta kasa fitar da sanyin da uwarta ta bari. Ni kuma in zama marar kunyar da ta watsa wa surukarta ƙasa a ido a banza. Wato da sunan Inna zan yi caca, a kan maganar likitar da sau biyu kacal na gani. Na yi kwanaki ina buɗe kwallar ina rufewa.

Inna ce ta raba gardamar, ba tare da ta sani ba. Ta kira ni a waya, ashe Hajiya ta aika mata cewa an sayi itace ana jirana.

"Ki tahi," in ji ta. "Ba komi. In nawa bai yi ba, a gwada nasu. Lahiyarki ta hi man sunana."

Na ajiye wayar raina a ɓace, ba da ita ba, da kaina. Ita ta yarda ta zubar da aikin shekaru saboda ni, ni kuma ina tsoron abin da bai kai ƙwayar wake ba. Washegari da na idar da sallar asuba na ɗauko shi, na yi bismilla, na kora da ruwa. Sannan na sami maigidana na ce masa Karakkai zan je gaida Hajiya duk ranar da yake so, har in kwana in yi mata shara, amma ba zan tuɓe a gaban tukunyarta ba.

Ya sosa ƙeya. "To wa zai gaya mata?"

"Wanda ta haifa."

Ya je kuwa, Allah ya saka masa. Ban san yadda suka ƙare ba, na dai ga ya dawo bai iya cin tuwo ba.

Makon farko ban ji komai ba. Na biyu ma haka. Hajiya kan kira ta ce, "Ya sanyi?" in ce da sauƙi, ina cije haƙora cikin rigar sanyi. Inna ta taho Gusau ta tare a wurina, ta zama dogarin ƙwaya. Da ta ji likita ta ce da ruwa zalla ake sha, kuma a jinkirta karin kumallo, sai ta kafa doka: babu koko sai rana ta sauko kan katangar maƙwabta, nono da fura kuwa sai azahar. Ko yunwa za ta kashe ni ba ta sassauci. Matar da ba ta iya karanta sunan maganin ba, amma ko sau ɗaya ba ta bari na tsallake ba.

Sannu a hankali na fara tashi ba tare da an tashe ni ba. Na fara ƙarasa jimlata a allo. Wata ranar Asabar, bayan fiye da wata guda, muna tsakar gida ina tsince shinkafa, sai na ji kaina na ce, "Inna, miƙo mini mafici." Ba ta miƙo ba. Ta taso ta tsuguna a gabana, ta sa yatsa ta shafi karan hancina, ta duba.

"Zuhwa ta!" Ta ɗaga yatsan sama. "Ɗiyag ga, zuhwa kike!"

Muka yi ta dariya har yarinya ta farka. Na ci jarrabawa a rayuwata, na karɓi takardar ɗaukar aiki, amma ban taɓa alfahari da wani abu kamar wannan zufar ba. Mako na zagayowa na sa atamfa marar nauyi na tafi Karakkai gaisuwa. Na zauna a tsakiyar mata ina fifita da gefen mayafi, ina cewa kai, garinku akwai zafi. Na san abin da nake yi, su ma sun sani.

Hajiya ba ta ce ta yi kuskure ba, ba ta kuma taɓa cewa ba har yau. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "To, Allah shi ƙara sauƙi." Ni ma ban nemi fiye da haka ba. Nawa ciwon ya zama irin wanda ba ya tafiya. An sake gwaji, an gyara mini adadin, ina sha har gobe, na kuma yi haihuwa biyu a kansa. Sai dai a Tsafe magana ba ta komawa da saurin da ta zo. An ga na warke, amma an ce ai asibiti ce ta gyara ɓarnar. Duron Inna ya ci gaba da zama a kife.

Shekara ta zagayo da fara shan ƙwayata, autar Hajiya ta haihu, haihuwar fari, a gabanta a Karakkai. Ashe yarinyar ta kafe, ta ce ita ba za a ƙona ta ba, wankan da aka yi wa matar yayanta take so. Hajiya ta kira ni. Ta gaishe ni, ta tambayi yara, ta tambayi aiki, ta tambayi ruwan sama, ta sake tambayar yara. Can ta ce, "Innarki tana nan gida?"

Ni na je Tsafe na ɗauko ta. Ta sa mayafinta na zuwa biki. Muka hau mota zuwa Gusau, muka canja ta Bungudu, daga nan mashin ya ƙarasa da mu. Tsakar gidan cike da mata, har da waɗanda na san da bakinsu aka yi yawo da sunanta. An riga an hura wuta, tukunya tana ta tafarfasa tana tururi. Inna ta gaisa da kowa, ta yi barka, ta ajiye mayafi, ta ɗaura zani. Ta je ta tsaya a kan tukunyar. Ni ina gefe na zuba ido, don na san abin da za ta nema, na kuma san a gidan wa muke.

"Hajiya," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "a ba ni ruwan sanyi."

Matan suka juya suna kallon Hajiya. Ga 'yan mata nan birjik da za a iya aika. Hajiya ta dafa gwiwa ta miƙe da kanta, ta ɗauki bokiti, ta je randa ta cika, ta kawo ta dire a gaban uwata. Inna ta juye a tukunya.

"Ya isa," in ji Hajiya, "ko a ƙaro?"

"Ƙaro," in ji Inna.