Doki Ba Ya Cewa Wayyo

Shekarar da ruwan madatsar Bakolori ya ci garinmu, an kwashe mu daga fadama an zube a kan wani tudu mai tsakuwa wajen Maradun. Abin da ya rage mana na marigayi Kakanmu shi ne baƙin dokinsa, Akawal, da wuƙar da yake gyara masa kofato da ita. Iya, mahaifiyar Babanmu, ita ke tara mu bayan isha'i a bakin murhu, tana tura kara a wuta tana yi mana tatsuniya. Tsohuwar akwai baki kamar reza, amma Baba ɗan farinta ne, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana.

Da gona ta tafi, harawa ta gagara, Baba ya ce zai kai Akawal kasuwar Talata Mafara. Ran Litinin da la'asar ya ɗaga ƙafar dokin, ya yi ta fiƙe kofaton don ya burge mai saye. Iya na zaune tana kaɗi tana kallonsa, ba ta ce uffan ba.

Da muka taru, ko jiran mu amsa "ta zo mu ji ta" ba ta yi ba. Ta ɗaga murya, domin Baba na bayan zana yana cin tuwo. Wai wani attajiri ne ya ga sawun barewa, ya ce lallai sai dokinsa ya yi irin wannan ƙafa. Mai gyara ya nuna masa farin zaren da ya kewaye tafin kofato, ya ce nan wuƙa take tsayawa, gaba da shi nama ne. Attajiri ya kore shi, ya ɗauki wuƙa da kansa. In ya yanka sai ya tambayi doki ko da zafi. Doki shiru, sai ya ƙara. Ranar da ya hau shi zuwa daji, doki ya durƙushe. Kuraye suka fara cinsa ta baya da ransa, attajiri na bisa itace yana kallo.

Ƙanwata ta fashe da kuka, ta tambayi abin da ya hana dokin yin magana.

"Doki ba shi cewa wayyo, ɗiyata," in ji Iya. "Wanda yas saba da laushi, in anka kawo shi bisa tsakuwa, kauri aka bar mai. Wanga ko wawa ya san shi."

Muka ji an ajiye kwano a bayan zana.

Abin da wuƙa ta ɗebe ba ya komawa. Da asuba Baba ya ja Akawal suka tafi. A kan burjin da manyan motoci ke bi dokin ya fara ɗingishi, sawunsa duk jini, ya durƙusa kafin Mafara, bai sake tashi ba. Baba ya dawo da ragama a kafaɗa. Iya ta dube ni, ba shi ba.

"Tambayi mutumin ga, ina barewar tashi?"

Na daɗe ina jin haushin Baba. Sai da na haifi nawa ɗan farin na fara tuna la'asar ɗin nan, da mazarin Iya yana ta juyawa. Ta san farin zaren sarai, domin ita ke riƙe wa Kaka ƙafar doki. "Ya isa" kawai za ta ce, amma ta zaɓi kunya, ta ajiye maganar sai da ta zama bulala. Har yau abin na ci mini rai. Shiru biyu ne suka kashe Akawal, kuma ɗaya daga cikin masu shirun tana da baki.