Kujerar Da Na Hana Mai Masaukina

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi, ina taɓe baki ina cewa wasu dai ba su da lissafi. Yau ga nawa na kawo, kuma ban san wanda ya kai ni wauta ba a cikin duk waɗanda na taɓe wa bakin. Ba zan kama sunan kowa ba.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara talatin da takwas, ina koyarwa a wata jami'a a nan Greensboro ta ƙasar Amurka, ina da mata da 'ya'ya mata biyu. Ban jima da gama digirin dakta ba, kalmar nan ta Dakta kuwa ta hau mini ka ƙwarai. Idan aka kira ni Malam sai in ji kamar an rage mini tsawo. Na raba Hausawan garin nan gida biyu a zuciyata: masu takarda da marasa takarda. Direbobi da masu aikin sito da masu gadi, daga nesa nake ɗaga musu hannu. Waɗanda nake ta cusa kai wurinsu su ne wani likita da wani injiniya, masu manyan gidaje a wajen gari. Idan suka yi magana ina fara dariya tun kafin su kai inda abin dariyar yake. Haka na lalace, ni kuwa a ganina ci gaba nake yi.

Akwai wani dattijo mutumin Maraɗi, direban tirela, wanda kowa ke kira Baba. Ranar da na sauka ƙasar nan ban san kowa ba, shi ya ɗauko ni daga filin jirgi saboda kawai wani limami ya ce masa ga ɗalibi Bahaushe yana tafe. Wata huɗu na yi a gidansa a McLeansville, wani ɗan gari da ke gefen Greensboro, matarsa, wadda muke kira Mama, tana ciyar da ni. Shi ya ba ni rigar sanyi ta farko da na sa. Shi ya koya mini tuƙi a filin wani rufaffen kanti a titin Gate City Boulevard, ina taka birki kamar mai kashe kunama yana dariya. Amma da na zama Dakta sai Hausarsa mai surkin Faransanci ta fara yi mini nauyi a kunne, na riƙa jin kunyar a gan mu tare.

Wata rana a gidan likitan ana hira sai aka ambaci wasu itatuwa da ke bakin teku a arewacin California, waɗanda ake kira redwood, itatuwan da babu masu tsawonsu a duniya. Likitan ya ce yana sha'awar kai iyalinsa, sai dai ba shi da lokacin zama ya tsara tafiya. Kafin ya rufe baki na yi caraf na ce a bar mini komai. Na ce me zai hana mu yi ta a mota, gida uku, a hutun bazara, mu ratsa ƙasar tun daga wannan gefe har wancan, muna tsayawa a manyan gandayen shaƙatawa na gwamnati. Suka dubi juna suka ce madalla. Na koma gida ranar kamar wanda aka naɗa wa sarauta.

Tun daga watan Janairu ban da wata magana sai ta tafiya. Na buɗe mana guruf a waya. Na manna taswira a bangon ɗakin cin abinci, na ja jan layi a kan babbar hanya mai lamba arba'in, daga Greensboro ta Tennessee da Oklahoma har Arizona, mu leƙa Grand Canyon, mu haura Yosemite, sannan mu bi gefen teku zuwa wurin itatuwan, mu dawo ta Yellowstone. Masaukin wuraren nan cika yake yi tun watanni kafin bazara, don haka na zauna a kan kwamfuta ina farautar ɗakuna, na gida uku, takardun ɗalibaina suna jibge ba a duba ba. Na tsara inda za a yi sallah, inda ake samun naman halal, ranar da za a yi dambun nama da kilishi na guzuri. Kullum sai na tura musu dogon bayani. Amsarsu ba ta wuce hoton ɗan yatsa. Maiɗakina ta taɓa ce mini ita fa ba ta ga alamar mutanen nan suna ɗokin tafiyar kamar yadda nake yi ba. Na ce mata ba ta san halin manyan mutane ba ne.

Da na zo kan abin da kwamfuta ba ta sani ba, sai na tuna da Baba, wanda ya yi fiye da shekara ashirin yana bin hanyoyin nan, bai daɗe da ajiye aiki ba. Na je na same shi a bayan gidansa yana gyara kunyoyin da yake shuka yakuwa da kuɓewa. Ya yi murna da ganina har ya ba ni kunya. Ya zaunar da ni ya karanta mini hanyar da ka, gari bayan gari. Ya nuna mini inda ake daɗewa ba a ga gidan mai ba, ya ce kada in yarda tanki ya sauka ƙasa da rabi. Ya ce a gangaren duwatsu in sauke giya, kada in dogara da birki. Ya ce in ɗaukar wa yara rigunan sanyi ko da bazara ce, domin hazon bakin tekun can yana shiga ƙashi. Duk na rubuta. Da yamma na tura wa guruf a matsayin binciken da na yi.

Zan tashi ke nan sai ya riƙe hannuna. Ya ce sau da yawa ya wuce ta yankin itatuwan nan da kaya a bayansa, yana hango su ta gilashi, amma bai taɓa samun damar tsayawa ya shiga cikinsu ba, domin mai kaya ba ya jira. Ya ce in akwai wuri a motata zai so ya bi mu, shi kaɗai, ba zai takura wa kowa ba. Motar da na shirya ɗauka haya mai kujera takwas ce, mu kuwa huɗu ne. Amma abin da ya zo mini a rai shi ne yadda zai zauna a teburi ɗaya da likita, yana cin abinci da hannu, yana ba da labarin tasha. Na dubi idon mutumin da ya riƙe ni wata huɗu, na ce masa kaya sun cinye wurin. Ya ce ba komai, Allah ya kai mu lafiya, har ya ɗauko mini kularsa ta tafiya ya ce in zuba ruwan yara.

Da na gaya wa maiɗakina, ta ce ba ta taɓa jin kunyar kasancewa matata ba sai yau. Na yi fushi na kwana biyu ban kula ta ba.

Abin bai tsaya nan ba. Bayan sati biyu, an sauko daga Juma'a, na ga wani matashin likitan haƙori da ya zo garin kwanan nan. Na tare shi a bakin ƙofa ina ta zuba, na ce ya zo mu tafi tare, akwai kujeru har huɗu a motata babu kowa. Ina juyowa sai ga Baba a durƙushe a bayana yana ɗaura takalmi. Ya miƙe, ya ba ni hannu, ya tambayi yara, ya wuce. Na ce wa kaina bai ji ba.

Saura sati uku a tashi, ina ofis da hantsi, sai saƙon murya ya shigo guruf daga likitan. Na buɗe da murna, don bai taɓa turo murya ba. Ashe likitan ya yi niyyar tura wa injiniyan ne shi kaɗai, hannu ya kuskure. Har yau ina iya maimaita shi.

"Ka sayi tikitin jirgin kuwa? Mu sauka San Francisco mu ɗauki mota a can, mu bi tsarin da ya yi mana. Wallahi ba zan iya kwana biyar a hanya ina shan laccar malamin nan ba. Ka bar shi tukuna, sai an kusa mu ce aiki ya riƙe mu. Ai ya yi ƙoƙari, karen motarmu."

Ya yi dariya a ƙarshe. Cikin minti ɗaya aka goge saƙon, amma na riga na ji shi sau biyu. Wata biyar ina yi wa mutane bauta, su kuwa suna da wani guruf ɗin daban inda nake abin nishaɗi. Ba wanda ya kira ni ya ba da haƙuri. Da yamma injiniyan ya rubuto cewa shirye-shirye sun ɗan canza. Iyakar abin da na samu ke nan. Suka tafi abinsu, suka kwana a ɗakunan da na kama musu, suka yi ta watsa hotuna.

Mai karatu zai zaci a nan na yi hankali. Ban yi ba. Abin da ya dame ni shi ne kada a ce an watsar da ni, don haka na ƙudura sai na yi tafiyar ko ta halin ƙaƙa, kuma ina bukatar wanda ya san hanya. Na sayi lemo da ayaba na nufi McLeansville. Na sami Baba a zaune a inuwa, na gaishe shi, na ce masa albishir, na sake lissafin kaya, wuri ya samu. Bai ko dubi ledar ba.

"Bon," ya ce da surkin Faransancin nan nasa. "Sun sauke ka ke nan, Dakta?"

Tun da na san shi, ɗana yake ce mini. Ranar ce ya fara kirana da sunan da na fi so, kuma ban taɓa jin zagi mai zafinsa ba. Na fara kame-kame, ya ɗaga hannu. Ya ce ya ji abin da na faɗa a ƙofar masallaci, kuma tun kafin nan ma ya sani, domin wanda ya shekara ashirin yana loda tirela ba a yi masa ƙaryar wuri a mota. Ya ce ya yafe mini duniya da lahira, amma ba zai shiga motata ba. Ya ce shi ba safaya ba ne da za a tuna da shi sai taya ta fashe.

Mama ce ta rako ni bakin mota, abin da ba ta saba yi ba. Ta ce na san dalilin da ya sa ya ajiye tuƙi? Na ce na ɗauka gajiya ce. Ta ce ciwon suga ya taɓa masa idanu, likitoci sun ce ganin yana tafiya kuma ba zai dawo ba, shi ya sa ya matsu ya ga itatuwan a bazarar nan. Ta ce duk masallaci an sani, direbobi suna karɓa-karɓa wajen kai shi asibiti, ni kaɗai ne ban sani ba saboda ban taɓa tambaya ba. Na tuka motar na ɗan yi nisa, na tsaya a gefen wata gona na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar mahaifina.

Ban yi tafiyar ba. Na cire taswirar daga bango, na gaya wa yarana gaskiya daidai yadda za su fahimta. A watan Agusta wasu direbobi biyu, cikin mutanen da nake ɗaga wa hannu daga nesa, suka ɗauki hutu suka sa Baba a tsohuwar motar ɗayansu suka kai shi. Ba guruf, ba taswira a bango, cikin sati guda suka yanke shawara suka tashi. Na ga hoton a wayar maiɗakina: yana tsaye a gindin wata itaciya, ya dafa ta da hannu biyu, ya ɗaga kai sama, hularsa tana neman faɗuwa. Kafin bazara ta zagayo ya daina gane fuska sai murya. Yanzu sun koma Maraɗi shi da Mama. Ina kiransa duk Juma'a, yana ɗauka, yana sa wa yarana albarka, amma hirar ba ta wuce minti biyu. Likitan da injiniyan kuwa muna haɗuwa a wurin suna da ɗaurin aure, su washe baki, in washe, kowa ya san abin da ke cikin ɗan'uwansa. Ba na ma jin haushinsu sosai. Abin da suka yi mini sun yi wa ɗan cusa kai ne. Ni kuwa wanda ya ciyar da ni na yi wa.

Abin da na koya shi ne raini tsani ne: duk matakin da ka taka kana leƙen na ƙasa, akwai wanda ke bisa yana leƙenka, kuma kai ne na ƙarshe da zai sani. 'Yan'uwana da ke zaune a ƙasashen waje, musamman mu da muka zo karatu, ku ji tsoron ranar da za ku fara jin kunyar mutanen da suka tarbe ku. Takardar da ka samu ba ta canza wanda ya san ka lokacin da ba ka da rigar sanyi ba. Idan dattijo ya cire nauyin baki ya roƙe ka abu ƙarami, ka tsaya ka tambayi dalili, domin sau da yawa abin da ya faɗa kaɗan ne daga abin da ke damunsa. Kuma kada ka yi sakaci don ka san mutumin kirki ne zai yafe. Baba ya yafe mini tun kafin in nema, na kuwa gane cewa ana iya yafe maka a kuma rufe ƙofa a hankali, ba tare da ka ji ƙararta ba.