Mai Tsani da Marin da Nake Yi wa Rauta

Ƙarfe bakwai da rabi yake buɗe shagonsa, ɗan ɗakin nan da ke tsakanin tela da mai sayar da magani. Zai share gaban shago, ya jingina tsaninsa da bango, ya goge tabarau da bakin riga, sannan ya kunna kwamfuta ya duba gidan wa intanet ya kwana lafiya, gidan wa ya kwana da ciwo. Shekara ashirin da biyu ke nan. Mai Tsani muke ce masa. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, idanu sun ce sun gaji.

Tela zai ba ka labarin ranar da ya hau masa rufi ana tsuga ruwa don ya ɗaure waya. Mai magani ma yana da nasa. Ni kuwa kunya ce ta sa na ɗauki biro.

Matata Hajiya shekara huɗu tana kwance, ɓarin jiki ya shanye. Magana da ƙyar, hannun hagu kaɗai ke aiki. Abin da ke riƙe da ranta shi ne kiran bidiyo da autarmu, wadda aure ya kai nesa, kullum bayan la'asar. Mai Tsani ne ya sa mana rauta, akwatin nan mai ƙyafta fitila da ke raba intanet a gida. Sai dai tana da hali: kwana biyu, uku, sai ta ƙame. Shi kuwa ko yaushe aka kira, ga shi ya zo.

Wata rana haushi ya sa na zabga wa rautar mari, sai ta dawo. Da ya iso na gaya masa.

Ya ce, "Alhaji, ba mari take so ba. A kashe ta a kunna ne maganinta."

Na ce, "Ji ɗan boko! Ni da na yi shekara arba'in ina tayar da matacciyar mota a daji? Ka huta da zuwa, Injiniya." Ban tsaya nan ba, har a majalisa sai da na ce aikin nasu rabi duk burga ce.

Bai musa ba. Cewa ya yi, "To, Alhaji. Zan dai bar wata tsohuwar waya a caji bayan kabad. Don Allah kada a cire."

Shekara uku ina mari, rauta tana tashi, ina hura hanci. Sai ranar da auta ta haihu, ta ce daga asibiti za ta nuna wa uwarta jariri. Falo ya cika da maƙwabta. Ina neman inda zan jona musu fanka tun da hantsi, na cire tsohuwar wayar nan na jefa a aljihun tebur. La'asar na yi, rauta ta ƙame. Na mara, shiru. Na sake, shiru. Sau bakwai, har murfinta ya tsage. Na waiwaya, ga Hajiya tana ta danna wayarta da hannun hagu, hawaye na gangarowa cikin kunnenta.

Sai ga Mai Tsani yana haki, ba ni na kira shi ba. Ya gaisa, ya leƙa bayan kabad, ya tambaye ni wayar a hankali. Ya mayar da ita caji, ya jira ta kunnu, ya ɗan taɓa tasa wayar. Sannan ya matso kunnena.

"Alhaji, gwada ta ɓangaren hagu."

Na mara. Fitilu suka ɗauke, suka dawo, kukan jariri ya cika falo. Mata na ta cewa, "Kai, hannun Alhaji!"

A ƙofar gida na riƙe masa riga sai da ya faɗa mini. Ashe 'yan layukan umarni ya rubuta ya zuba a tsohuwar wayar. Duk sanda rauta ta ƙame, Hajiya za ta yi masa filashin, shi kuma daga inda yake, ko kan tsani ko bakin tabarmar cin abinci, ya tura saƙo, wayar ta umarci rauta ta mutu ta tashi. Lokacin ni ina can ina naɗe hannun riga.

Na ce, "Me ya hana ka gaya mini?"

Ya ce, "Hajiya ce ta ce a bar ka. Wai tunda ta kwanta, wannan kaɗai kake jin kana iya yi mata."

Mai Tsani, kai ne ka ji na zage ka a gaban mutane, ka koma shago ka ci gaba da tsare mini gida. Kai ne ka ba ni girman da ban cancanta ba, ka fita ko ruwa ba ka sha ba. A majalisa na ci mutuncinka, don haka a gaban jama'a nake cewa ka yafe mini. Na gode. Allah Ya ƙara wa idanunka haske.

Masu sana'a, ku koyi irin aikinsa. Mu kuma masu baki, mu riƙa tambayar wa ke bayan abin da muke taƙama da shi.

Kafin ya rufe shago ya saita wa Hajiya yadda za ta tura saƙon da kanta. Jiya rauta ta ƙame, na zauna na tusa hannuwa a aljihu. Hajiya ta danna wayarta, ta dube ni da rabin murmushinta, ta ce, "Alhaji... tashi mana ka mara."