Turuf Ɗin Kakanmu

Jiya 'yata ta dawo daga lise, wato makarantar sakandare, da aikin Ingilishi, ta tambaye ni ma'anar "troops". Ban nemi ƙamus ba, don na san kalmar tun kafin in san harafi. Ƙanshin miyar yakuwa da busasshen kifin Binuwai ne ma ya fara zo mini.

Kakanmu ya yi soja a hannun Turawan Ingila can wajen Yola kafin ya dawo Garwa ta Kamaru da zama. Ingilishin duk ya zube masa, saura wannan kalma, wadda yake cewa "turuf". A bakinsa ba ta nufin mutum ɗaya, komai girmansa. Tana nufin jama'ar da suka fita tare, kuma tare za su koma. Mu mazan gidan, manya da yara, mu ne turuf ɗinsa. Da rana a gindin dalbejiya ake ajiye akushi, kuma ba a ɗaga faifai sai kowa ya zauna. Ka makara, ka sha harara daga masu jin yunwa.

Wata bazara yayana ya faɗi jarrabawa. Babanmu mutum ne mai zafin zuciya, ya ce kada ya sake ganinsa a bakin akushin gidan. Yaya ya fice ya nufi bakin kogi, muka ji wai zai bi mota zuwa Figil neman aikin siminti. Tsoro ya kama ni sosai, don na san in ya tafi ba zai dawo ba.

Aka kawo abinci, Baba ya miƙa hannu. Kaka ya ɗora sandarsa a kan faifan.

"Turuf ba ta cika ba."

Babanmu ya ce, "Baba, yaron nan ya kunyata ni."

"Wanda ya ji rauni ake ɗaukowa, ai mai lafiya da ƙafarsa yake zuwa. Tashi."

Zafin Garwa kun san shi. A cikinsa Baba ya fita, mu kuwa muna zaune tuwo yana sandarewa. Sai bayan la'asar suka shigo, ba mai kallon wani. Tuwon ya yi sanyi ƙalau, amma Yaya bai je Figil ba.

Yanzu kowa da kwanonsa, kowa da wayarsa. Na ce wa 'yata ta rubuta wa malaminta "sojoji", zai karɓa. Sannan na rufe kular abinci, na ce ta je ta kira ƙanenta, wanda na yi wa faɗa tun safe.