Goggo Glenys da Hular Kwano

Kowace Asabar, tun ciyawar filin kulob ɗinmu na ƙwallo da ke garin Ballarat tana jiƙe da raɓa, Glenys Harrop take isowa a tsohuwar motarta. Ta buɗe kantin shayi, ta ɗora albasa a wuta, sannan ta kafa kyamararta a bakin fili. Kafin ta danna komai sai ta tsinki ciyawa ta watsa sama ta ga inda iska ta nufa, don ba ta yarda da mai hasashen yanayi na rediyo ba. Ba shi kaɗai ba ne kuma. Mai kawo burodi ma sai ta matsa burodinsa a gabansa. Ni kaina sai da na shekara ina gaishe ta kafin ta daina kallona kamar na zo satar cokali.

Aikinta ɗaukar bidiyon samarinmu masu neman tafiya Amurka. A ƙwallon can, idan ƙungiya ta kasa ci gaba, akwai mutum guda da ake kira ya buga ƙwallo da ƙafa zuwa ƙarshen filin abokan karawa, ta daɗe a sama har 'yan wasansa su riski mai cafewa. Iyakar aikinsa ke nan. Mu kuwa a salon ƙwallon ƙasarmu da irin wannan bugun muka tashi tun muna yara, shi ya sa jami'o'insu suke ba 'ya'yanmu gurbin karatu kyauta. Sai dai kociyoyinsu ba sa zuwa su gani da ido, bidiyo suke kallo su yi cinikin biri a sama. Kowa ya san yadda ake yi: a tsaya iska tana baya, a yi ta bugu, a yanke munana, a aika kyawawa. Glenys ba ta yanka. Har kociyoyin can suka saba, in bidiyo ya fito daga garinmu ba nata ba, sai su tambayi dalili.

Ke ce mai ido a ƙeya, Goggo Glenys. Ke ce wadda in aka yabe ki sai ki duba jakarki.

Wanda ya fi kowa ɗanɗana halinta shi ne Kade Pennell, saurayi mai aikin famfo, wanda ƙafarsa ba ta da na biyu a yankinmu. Wata rana wani dillalin 'yan wasa, Warwick Steen, ya zo da albishir: wata babbar jami'a tana son Kade. Kade har ya gaya wa maigidansa ya nemi wani ma'aikacin.

"Mama, an riga an gama magana," in ji Warwick. "Guntun bidiyo kawai suke so. Ki zaɓo mana masu kyau."

Glenys ta dube shi tun daga gashi har ƙasa. "Tun da an gama magana, me za su yi da bidiyo?"

"Al'ada ce kawai."

"Kai kuma me za ka samu?"

"Ni? Ladan taimako."

"Ladan taimako ne ya saya maka wannan takalmin?"

Saurin mutumin ne bai kwanta mata ba. Ta shiga ɗakin ajiya ta fito da wata tsohuwar hular kwano irin ta 'yan wasan Amurka, mai sandunan ƙarfe a fuska, ta miƙa wa Kade. "Saka."

Kade ya tuntsire da dariya. "Haba Goggo! Ni da na gama wasa da karyayyen hanci? Wannan ai ta matsorata ce."

Duk muka yi dariya, don mu kai a buɗe muke wasa, riga ma ba ta da hannu, kuma ba abin da muka iya kamar yi wa Amurkawa ba'a kan sulkensu. Ba wanda ya taɓa tunanin cewa yaron da za a tura can dole a cikin sulken zai yi bugu.

"Matsoratan ne za su ba ka karatu," ta ce. "Saka, ɗan nan, albasata tana ƙonewa."

Ya saka. Ta kira ƙarti biyu ta ce su taso masa da gudu suna ihu, kamar yadda za a yi masa a can. Kade ya saki ƙwallo, sandunan suka tare masa gani tsakanin hannu da ƙafa, ya ƙara sunkuyawa, ƙwallo ta zame ta faɗa kan rufin kanti. Ta biyu a ƙirjin mai tasowa ta tsaya.

"Ki goge wannan," in ji Warwick. "A can zai saba."

"In bai saba ba fa? Kai za ka mayar masa da aikinsa? Ko a aika duka, ko kada a aika da sunana."

Warwick ya ɗauki nasa bidiyon da waya, kai a buɗe, ya aika. Jami'ar ta tambayi ina na Glenys. Daga nan gurbin ya koma hannun wani.

Mahaifiyar Kade, Noelene, ta zo har kanti ta wanke Glenys tas a gaban masu sayen shayi. "Ke wace ce da za ki tsaya tsakanin ɗana da arzikinsa?" Kade ya koma roƙon maigidansa, ya kuma daina gaishe ta. Zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Warwick ya ɓace, kuma gaskiya har yau ba mu da shaidar macuci ne. Wataƙila gaggawa ce kawai ta yi masa yawa.

Abin da ba mu sani ba sai da mijinta Col ya faɗa mana: a shekarar nan babu wanda Glenys ta zarga kamar kanta. Tana wanke kofuna sai ta tsaya ta ce, "Col, in yaron nan ya tsufa a ƙarƙashin famfon mutane, ni ce. In da zai saba ɗin fa?" Ta rame. Amma ba ta je ta ba da haƙuri ba. Rataye hular ta yi a shingen fili. Hular ta yi makonni a nan ruwa yana dukanta. Wata Asabar aka duba babu ita, aka hango Kade can ƙarshen fili shi kaɗai, sanye da ita.

Da shekara ta zagayo, wata ƙaramar jami'a a jihar da dusar ƙanƙara take rufe ƙofa ta ɗauke shi, da sabon bidiyon Glenys da ba a yanke ko ɗaya ba. Wasansa na farko ya faɗo safiyar Lahadi a wurinmu, kulob ya cika maƙil gaban talabijin. Da aka kira Kade cikin fili, Glenys ta aje buta ta fice wajen ajiye motoci. Ba za ta iya kallo ba.

Ihu ya tashi. Noelene ce ta fito da gudu. "Glenys! Mutum uku suka taso masa, ya tura ƙwallon har bakin layinsu na ƙarshe!"

"Da idonki kika gani, ko ihu kika ji?"

"Da idona, 'yar'uwa."

Glenys ta zauna a ƙasa jingine da taya ta fashe da kuka, Noelene ta durƙusa ta riƙe ta.

A watan nan za ki aje kyamara, Goggo, don ido ya soma gajiya. Mun gode. Mun zage ki a ɓoye, kin ji, ba ki fasa ba. Ga wanda zai gaje ki kuma, kyamara ba wuyar riƙewa gare ta ba. Kada dai ya karɓa sai in zai iya jure wa yaron da yake ƙauna ya shekara bai gaishe shi ba.